Shin Anuhu ya shiga sama bai mutu ba? Saɓanin malaman Kirista da inda ya taɓo ƙissar Annabi Idrisu (AS)

 

Sau da yawa idan aka zo ƙissar Annabi Idrisu (AS) a majalisin tafsiri ko a aji, akan ji wani ya ƙara da cewa ai su ma Kiristoci sun tabbatar bai mutu ba, da ransa ya shiga Aljanna. Mutumin da ake nufi shi ne wanda fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ke kira Anuhu, wasu sababbin fassarori kuma Enok, Larabawa su ce Akhnukh. A jerin nasabar da ke littafinsu, shi ne na bakwai daga Annabi Adamu (AS), kuma kakan mahaifin Annabi Nuhu (AS).

Maganar da ake jingina wa Kiristoci tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Malamansu sun shafe fiye da shekara 1,800 suna juya wannan mas'ala, kuma amsoshin da suka bayar sun kai huɗu. Wanda ya bi diddigin saɓanin zai tarar cewa abin da ke motsa shi ya wuce Anuhu, ya taɓo ginshiƙan aƙidarsu guda biyu, wato dalilin da ya sa ɗan Adam ke mutuwa, da kuma matsayin da suka bai wa Annabi Isa (AS). Ɗalibin da ya fahimci wannan zai yi wa maƙwabcinsa Kirista adalci wajen naƙalto ra'ayinsa, zai kuma gane inda wasu labarai da ke yawo a bakunanmu suka samo asali.

Abin da nassinsu ya faɗa

Labarin gajere ne ƙwarai, ayoyi huɗu kacal, daga ta 21 zuwa ta 24 a sura ta 5 ta littafin Farawa, wanda shi ne na farko a Tsohon Alkawari. Surar tana jero kakanni daga Adamu zuwa Nuhu a bisa tsari guda: sunan mutum, shekarunsa lokacin da ya haifi magajinsa, jimillar rayuwarsa, sannan a rufe da ambaton mutuwarsa. Adamu ya yi shekara 930, Shitu 912, Yared mahaifin Anuhu 962, Metusela ɗansa 969, Lamek jikansa 777, kuma kowannensu an faɗi mutuwarsa a fili.

Da aka iso kan Anuhu sai tsarin ya karye. An ce ya haifi Metusela yana da shekara 65, ya ƙara wasu 300 cikin kusanci da Ubangiji, jimilla 365, mafi ƙarancin shekaru a duk jerin. A gurbin ambaton mutuwa kuwa, nassin ya nuna cewa an daina ganinsa saboda Allah Ya ɗauke shi. Bai faɗi inda aka kai shi ba, bai ambaci sama ko Aljanna ba. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita ta ɗauka ce kawai, kuma tana iya nufin ɗaukar rai kamar yadda take iya nufin ɗauke mutum ɗungurungum. Mu ma a Hausa idan aka ce Allah Ya karɓi abinSa, kowa ya san rasuwa ake nufi.

Matakin da ya karkata fahimta shi ne fassarar Attaura zuwa harshen Girka da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka yi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda ake kira fassarar Saba'in. Masu fassarar sun zaɓi kalmar da ke nufin sauya wa abu wuri, suka kuma nuna cewa an neme shi an rasa. A kan wannan fassara marubucin wasiƙar Ibraniyawa ta Sabon Alkawari ya gina maganarsa a sura ta 11 aya ta 5, inda ya bayyana cewa saboda imaninsa aka sauya wa Anuhu wuri don kada mutuwa ta riske shi. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa bai mutu ba. Amma ko ita ba ta ambaci sama ba. Wanda aka ambaci sama a ƙissarsa shi ne Iliya, wato Annabi Ilyasu (AS) a wurin da yawa daga malamanmu, wanda littafin Sarakuna na biyu sura ta 2 ya ce guguwa ta tafi da shi sama a gaban almajirinsa Elisha. Shi ya sa kusan ko'ina aka tattauna Anuhu sai an haɗa da Iliya.

Ayoyin da suka ja igiya ta ɗaya ɓangaren

Da a ce a nan maganar ta tsaya, da babu gardama. Sai dai a cikin wannan sura ta 11 ta Ibraniyawa, aya ta 13, bayan an lissafa Habila da Anuhu da Nuhu da Ibrahim da Saratu, an dunƙule da cewa dukkan waɗanda aka ambata sun mutu suna masu imani. A sura ta 9 aya ta 27 kuma an ce mutuwa sau ɗaya hukunci ne a kan mutane, sannan shari'a ta biyo baya. Bulus a wasiƙarsa ga Romawa sura ta 5 ya koyar da cewa mutuwa ta ratsa kowa ta dalilin zunubin Adamu, wanda shi ne tushen aƙidarsu ta zunubin gado.

Wadda ta fi duka nauyi ita ce aya ta 13 a sura ta 3 ta Linjilar Yahaya, inda aka jingina wa Almasihu cewa babu wanda ya riga shi hawa sama. Ga kuma Bulus a Korantiyawa ta fari sura ta 15 yana siffanta shi da nunan fari a tashin matattu. A aƙidar Kirista, ƙofar Aljanna a rufe take tun fitar Adamu, kuma mutuwar Almasihu da tashinsa, kamar yadda suka yi imani, su ne suka buɗe ta. To idan wani ya shiga da jikinsa dubban shekaru kafin haka, ina matsayin wannan aƙida? Wannan ce tsaka mai wuyar da kowane malaminsu ya nemi hanyar fita daga cikinta.

Amsa ta farko: an jinkirta mutuwar ne

Magabatan coci sun fi karkata ga wata mafita da za ta ba Musulmi da yawa mamaki. Ireniyus, bishop na birnin Liyon a Faransa ta yau, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180, ya ce an ɗauke Anuhu da Iliya da jikkunansu zuwa Firdausin da aka fitar da Adamu daga cikinta, kuma a can za su zauna har ƙarshen zamani. Tatuliyan, mutumin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya ƙara da cewa mutuwarsu jinkirta ta aka yi, an tanade su ne domin su dawo su fuskanci Magabcin Almasihu, wanda ya yi kama da Dujal a wurinmu, ya zubar da jininsu. Hifolitus na Rum ya danganta wannan da sura ta 11 ta Wahayin Yahaya, inda aka ba da labarin shaidu biyu da za su yi wa'azi kwana 1,260, a kashe su, gawarwakinsu su yi kwana uku da rabi a fili, sannan a tashe su. Nassin bai faɗi sunayen shaidun ba, shi kuwa ya ce Anuhu da Iliya ne.

Agustin, bishop na garin Hippo wanda yau ake kira Annaba a Aljeriya, da ya rasu a 430, shi ma ya tafi a kan cewa suna raye amma bashin mutuwa na kansu, sai sun biya. Tomas Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika da ya rasu a 1274, ya tsara maganar daki-daki. Ya ce saman da aka kai Iliya sararin samaniya ne, ba mazaunin tsarkaka ba, Anuhu kuma an kai shi Firdausin duniya, inda aka yi imani yana zaune tare da Iliya har bayyanar Magabcin Almasihu. Da wannan ya tsare ayar Ibraniyawa, ya kuma tsare aƙidar cewa babu wanda ya riga Almasihu shiga.

Ke nan a ra'ayin da ya fi daɗewa a tarihin coci, Anuhu bai mutu ba tukuna, bai kuma shiga Aljannar sakamako ba tukuna. Har yau wannan fahimta tana da ƙarfi a cocin Otodoks na Gabas. Cocin Katolika kuwa bai yanke hukuncin da ya wajaba a kan mabiyansa ba game da inda Anuhu yake. Ko a 1950, da Fafaroma Fiyus na 12 ya ayyana aƙidar cewa an ɗauke Nana Maryamu zuwa sama jiki da rai, kalmomin da ya zaɓa ba su yanke ko ta mutu kafin ɗaukewar ko ba ta mutu ba.

Amsa ta biyu: an sauya shi, sauyin ya tsaya a madadin mutuwa

Da guguwar Furotesta ta taso a Turai a ƙarni na 16, malamanta sun yi watsi da yawancin labaran da ba su gani ƙarara a nassi ba, har da batun dawowar Anuhu ya yaƙi Magabcin Almasihu. Jon Kalbin, malamin birnin Janiba da ya rasu a 1564, ya ɗauki ɗaukewar a matsayin wata irin mutuwa da ta saɓa wa al'ada. A ganinsa an tuɓe wa Anuhu jiki mai ruɓewa nan take, ba tare da rai ya rabu da jiki ta hanyar da aka sani ba. Ya jingina da maganar Bulus a Korantiyawa ta fari sura ta 15 cewa waɗanda tashin ƙiyama zai riska da rai ba za su kwanta kabari ba, za a sauya su ne cikin ƙiftawar ido. Da wannan fassara, ayar da ta ce bai mutu ba da wadda ta ce kowa zai mutu duka sun sami mazauni.

Amsa ta uku: ya shiga sama kai-tsaye

Wannan ce amsar da ta fi yaɗuwa a yau a tsakanin cocin bishara da na Fentikos, kuma ita ce mai karatu zai fi ji daga bakin maƙwabcinsa. Masu wannan ra'ayi suna ɗaukar ayar Ibraniyawa a zahirinta. Game da ayar da ta ce dukkansu sun mutu, sukan amsa cewa tana komawa ne ga Ibrahim da Saratu da Ishaƙu da Yakubu, waɗanda aka yi wa alkawarin ƙasa, domin su ne zancen ke kansu a wurin. Game da ayar Yahaya kuwa, sukan ce hawa da ikon kai daban, ɗaukewa da ikon Allah daban, kuma abin da ayar ke korewa shi ne wani ya hau ya ɗebo ilimin sama ya sauko da shi.

Tun daga ƙarni na 19, da koyarwar Jon Nelson Dabi wanda ya rasu a 1882 ta bazu a Ingila da Amurka, sai Anuhu ya zama misalin abin da suke kira fyaucewa, wato imani da cewa za a ɗauke masu bi da ransu kafin babban tsanani na ƙarshen zamani. Sukan ce an ɗauke Anuhu kafin ruwan Ɗufana, Nuhu kuma aka ratsa da shi ta cikin ruwan. 'Yan ɗarikar Adbentis masu ibada ranar Asabar, duk da sun yi imani cewa matattu barci suke yi a kabari har ranar tashi, sun keɓe Anuhu da Iliya, sun ce suna sama da jikkunansu. Mabiya ɗarikar Momon sun zarce kowa, domin a littafinsu an ɗauke Anuhu ne tare da mutanen birninsa baki ɗaya.

Amsa ta huɗu: ya mutu kamar kowa

Shaidun Jehobah suna koyar da cewa Anuhu ya mutu, bai kuma je sama ba. A fahimtarsu, Allah Ya karɓi ransa cikin sauƙi ba tare da ya ɗanɗani zafin fitar rai ba, don Ya tsare shi daga maƙiyan da wa'azinsa ya harzuƙa, sannan Ya ɓoye gawarsa kamar yadda littafinsu ya ce babu wanda ya san kabarin Annabi Musa (AS). Wasu ƙananan ɗariku sun ce an ɗauke shi ne daga wani wuri zuwa wani a doron ƙasa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura ta 8 ta ce an ɗauke Filibus daga hanyar Gaza aka gan shi a wani gari. Sukan ƙara da cewa littafin Tarihi na biyu sura ta 21 ya ambaci wasiƙar Iliya zuwa ga Sarki Yehoram, wadda a lissafinsu ta zo ne bayan tafiyarsa cikin guguwa. Masu saɓa musu sukan ce an rubuta wasiƙar tun kafin tafiyar, ko kuma labaran ba a jere suke bisa zamani ba.

Wannan ra'ayi yana da magabata a wajen Yahudawa. Rashi, mashahurin mai sharhin Attaura da ya rasu a Faransa a 1105, ya ce Anuhu mutumin kirki ne amma mai saurin karkata, don haka Allah Ya gaggauta karɓar ransa kafin ya ɓaci.

Littafin da Habasha ta adana

Inda nassi ya taƙaita, labari yakan faɗaɗa. Ƙarnoni kaɗan kafin zuwan Annabi Isa (AS), an rubuta littattafai da sunan Anuhu da ke ba da labarin yawonsa a sammai, da mala'ikun da suka saɓa, da lissafin rana da wata. Mafi shahara shi ne Littafin Anuhu mai babi 108. Wasiƙar Yahuza ta Sabon Alkawari, aya ta 14 da ta 15, ta ɗauko magana daga cikinsa. Tatuliyan ya kare shi, Agustin ya ƙi amincewa da shi, daga baya ya ɓace daga hannun cocin Turai. Cocin Otodoks na Habasha ne ya riƙe shi cikakke da harshen Gi'iz, kuma har yau yana cikin littattafansa masu tsarki. A 1773 wani matafiyi ɗan Sikotland, Jems Burus, ya koma Turai da kwafi uku daga Habasha, aka buga fassararsa ta Ingilishi a 1821. A tsakiyar ƙarni na 20 kuma aka gano guntayensa da harshen Aramiya a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, abin da ya tabbatar da tsufansa. Yawancin hotunan da mutane ke da su a zuci na Anuhu yana ratsa sammai da rakiyar mala'iku daga irin waɗannan littattafai suka fito, littafin Farawa bai faɗe su ba.

Tun a wancan zamani akwai wanda ya ja burki. Yohanna Kirisostom, babban limamin Kustantiniya da ya rasu a 407, ya gaya wa masu sauraronsa cewa nassi ya sanar da ɗaukewar amma bai faɗi inda aka kai shi ko yadda yake ba, don haka tono abin da aka yi shiru a kansa aikin banza ne.

Ina Annabi Idrisu (AS) a cikin wannan?

Alƙur'ani mai girma ya ambaci sunan Idrisu a wuri biyu. A Suratu Maryam, aya ta 56 da ta 57, an siffanta shi da gaskiya da annabci, aka kuma ambaci ɗaukaka shi zuwa wuri maɗaukaki. A Suratul Anbiya aya ta 85 an lissafa shi cikin masu haƙuri tare da Isma'ila da Zulkifli. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya gamu da shi a sama ta huɗu a daren Mi'iraji. Amma a wannan dare ya gamu da Adamu da Yusufu da Haruna da Musa da Ibrahim (AS), waɗanda babu mai shakkar wafatinsu, saboda haka gamuwar kaɗai ba ta nuna bai mutu ba.

Cewa Idrisu shi ne Akhnukh magana ce ta malaman tarihi da nasaba, irin su Ibn Ishaƙ, kuma da yawa sun bi su. Ba aya ba ce, ba kuma hadisin da ke cikin Bukhari ko Muslim ba. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ya ƙi yarda cewa yana cikin kakannin Nuhu, yana mai kafa hujja da cewa a Mi'iraji ya gai da Annabi (SAW) a matsayin ɗan'uwa, alhali Adamu da Ibrahim sun gai da shi a matsayin ɗa. Imamul Bukhari ma ya ambaci cewa ana ruwaitowa daga Ibn Mas'ud da Ibn Abbas (RA) cewa Ilyasu shi ne Idrisu.

Game da ɗaukakar, an ruwaito daga Mujahid cewa an ɗauke shi da rai, daga Hasanul Basri kuma cewa Aljanna ake nufi, wasu suka ce ɗaukakar daraja ce. Sanannen labarin nan na mala'ikan da ya ɗauke shi zuwa sama ta huɗu, inda Mala'ikan Mutuwa ya karɓi ransa, Imamuɗ Ɗabari ya kawo shi daga Ka'abul Ahbar, wanda malamin Yahudawa ne kafin ya musulunta. Ibn Kasir ya ce labarin na Isra'iliyyat ne kuma akwai abin ƙi a wani sashensa. Hafiz Ibn Hajar a Fathul Bari ya bayyana cewa ɗauke Idrisu da rai bai tabbata ta hanya mai ƙarfi da ta kai ga Annabi (SAW) ba.

Akwai kuma bambancin da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Abin da ya matsa wa malaman Kirista lamba shi ne zunubin gado da kuma imaninsu cewa mutuwar Almasihu ce ta buɗe Aljanna. Musulmi bai yi imani da ko ɗaya daga cikin biyun ba, don haka ko an ɗauke Idrisu da rai ko ba a ɗauke shi ba, babu rukunin imaninsa da zai girgiza. Abin da ya tabbata a wurinmu shi ne babu ran da zai kuɓuce wa mutuwa, kamar yadda aya ta 185 ta Suratu Ali Imrana ta hukunta. Annabi Isa (AS) kansa, wanda Ahlus Sunna suka yi imani an ɗauke shi da rai, zai sauko ya kashe Dujal, ya rayu, ya yi wafati, Musulmi su yi masa salla.

Saboda haka, ɗalibin da zai yi magana a kan wannan mas'ala ya kiyaye abu biyu. Idan zai naƙalto ra'ayin Kiristoci, ya faɗi wane ɓangare yake nufi, domin amsar Katolika na da, da ta Kalbin, da ta mai wa'azin fyaucewa, da ta Shaidun Jehobah ba ɗaya ba ce, kuma jingina wa mutum abin da bai faɗa ba zalunci ne ko da ba addininku ɗaya ba. Idan kuma zai karantar da ƙissar Idrisu a gida ko a makaranta, ya raba wa yara abin da aya da ingantaccen hadisi suka faɗa da abin da ya shigo ta hanyar labaran Ma'abota Littafi. Manzon Allah (SAW), a hadisin Abu Huraira (RA) da ke Bukhari, ya hore mu da kada mu gaskata irin waɗannan labarai, kada kuma mu ƙaryata su.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya sa mu cika da imani.